Muryar da ke Cikin Wadirof

Ka san minti nawa mutum zai yi cikin wadirof a rufe kafin numfashi ya gagare shi? Siphosethu Dyani ya sani: ashirin da biyu. Nan ne wurin aikinsa, a gidan kakarsa da ke garin Mdantsane, tsakanin barguna uku da ya kafe da ƙusa da makirfo ɗaya. Yana jiran a ɗauke wuta, firij ya yi shiru, rediyon maƙwabta ya mutu, sai ya shige ya ja ƙofa.

Sana'arsa karanta littattafai a naɗa, masu saye su saurara a waya. Labaran soyayya ne na manya, masu zafi, da aka ɗora kan tatsuniyoyin Girkawa, inda mace ke son mace, alloli kuma ke juya mutum yadda suka so. Muryarsa siririya ce, mai taushi, ita ake saye, da sunan mace. A matsayin mace aka yi masa suna ran haihuwa, amma tun yana firamare ya san shi namiji ne. Wannan muryar ke kawo masara da wake gidan, ita ke sayen maganin hawan jinin Makhulu, kakar tasa, wadda har gobe ta ɗauka darasi jikarta ke karanta wa 'ya'yan Turawa.

Mutum ɗaya ke ce masa "kai" maimakon "ke" a gidan: taubashiyarsa Anelisa, mai kitso.

"Malamin darasi, fito ka sha iska," ta ce wata rana, tana buga wadirof da mataji. "Na ji nishin da kake koya wa yaran. Aji nawa suke?"

"Kin ɓata min shafi guda, uwar gulma."

"Asibiti sun kira. Layinka ya zo. Laraba."

Ya zauna a bakin gado, gumi na zuba. Shekara biyu yana layin allurar da za ta fito masa da gemu, ta buɗe masa kafaɗa. Allurar za ta kuma fasa masa murya, fashin da ba ya ɗinkuwa.

Littafin da ke hannunsa kashi shida ne, yana na huɗu. Labarin wata masunciya ce a wani tsibiri, mai son 'yar mai jirgi, ta roƙi allahiyar teku ta mai da ita namiji. A kashi na shida ake amsa roƙon. Siphosethu ya yi wata guda yana gwada wannan kashin a ɓoye, yana danne maƙogwaro, har ya aika wa matar da ke ba shi aiki daga Kef Tawun. Ta kira shi da fara'arta.

"Kin yi ƙoƙari, ƙawata, amma muryar ba ta yi kama da ta maza ba. Ki kai mana masunciyar bakin teku, daga nan wani namiji zai karɓa. Ki dai kula min da muryar nan, akwai littafi biyu a bayan wannan."

Anelisa ta ji komai. Ta ajiye matajin.

"Ka je Laraba. Kitso zai riƙe mu."

"Kai nawa kika yi makon nan?"

"Huɗu."

"Biyu bashi."

Ba ta musa ba. Daga tsakar gida Makhulu ta ɗaga murya tana kiransa: "'Yar nan, wutar ta kusa dawowa, ki gama da yaran mutane."

Ya kira asibiti ya ce a ba na bayansa. Ma'aikaciyar ta ce sunansa zai koma ƙarshen layi, ya gane? Ya ce ya gane. Ya shiga wadirof, ya ja ƙofa, ya kai masunciyar har ruwa ya taɓa gwiwarta, ya kashe makirfo. Saura minti biyar a numfashinsa. Ya karanta kashi na shida, da muryar da ba mai saye, barguna na sauraro.

Gwada yau. Shiga wadirof ka rufe, ka faɗi sunanka da muryar da ka san taka ce, ka duba agogo ka ga minti nawa za ka iya.