Hannun Mutumin Falgore

Na taɓa yin aiki a wani kamfanin matsar man gyaɗa da ke bayan garin Ƙaraye, a kan hanyar Rogo. Aikina ɗinke buhunan tunkuza ne, a gefen babban injin. Ƙarar wurin ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi, don haka da hannu muke magana. Ka ɗaga tafi, a tsaya. Ka juya yatsa, a ci gaba.

Wani tsohon bakanike ne ya tsara mana ƙa'ida. Ya samu falankin katako ya shafe shi da jan fenti, ya zana hannu a buɗe, ya rubuta da boko da ajami cewa kada a kunna, akwai mutum a ciki. Duk wanda zai sa hannu a injin, shi da kansa zai rataye allon a kan makunni, shi kuma zai cire. Ko bayan an cire, sai an busa usur kowa ya ja da baya kafin a kunna.

Manajanmu ƙanin matar mai kamfanin ne. Ya tsani allon nan. Yakan ce malalata ne suka ƙirƙiro shi don su samu hutu, usur kuwa na 'yan ƙwallo ne. In ya ga an rataye, sai ya tsaya yana duba agogonsa yana tsaki.

Mai zuba gyaɗa a bakin injin wani magidanci ne daga Falgore. Manomi ne, da rani yake zuwa aiki, damina ta kama ya koma gonarsa. Ba shi da yawan magana. Da lokacin cin abinci ya yi, yakan kwance ƙullin ɗumamensa ya ce mu sa hannu, ko da ya san ba zai ishe shi ba.

Ranar da abin ya faru, wuta ta ɗauke tun da hantsi, injin ya tsaya da gyaɗa cunkushe a maƙoshinsa. Mutumin Falgore ya rataye allon, da idona na gani, sannan ya naɗe hannun riga ya zura hannun dama yana ƙwaƙulo abin da ya toshe. Ana cikin haka wuta ta dawo. Manaja ya fito daga ofis da sauri, don ba ya son a yi asarar wutar gari a koma ƙona dizal. Ya fizge allon ya jefar, ya danna makunni. Ba a busa usur ba.

Ƙarar injin ta haɗiye ihun mutumin. Bakanike ne ya hango shi yana dukan ƙarfe da hannun hagu, ya ruga ya kashe. Kafin a kwance injin a zaro shi, ya suma. A bayan motar ɗaukar buhu muka kai shi asibiti, daga nan aka tura shi Kano, inda aka yanke hannun daga ƙasan gwiwa.

Da mai kamfanin ya zo bin ba'asi, manaja ya ce mutumin bai rataye allo ba, ganganci ne irin na mutanen ƙauye. Bakanike ya ce ba haka aka yi ba, ni ma na faɗi abin da na gani. Mai kamfanin ya saurare mu yana jan carbi, sannan ya ce ƙaddara ta riga fata, a bar tone-tone. Bakanike bai kai ƙarshen wata ba aka sallame shi, wai tsufa ya sa ya fara mantuwa. Ni kuwa aka mayar da ni dakon buhu.

Bayan kaka mutumin Falgore ya dawo. Ya rame, hannun rigarsa na dama yana reto. Bai iya yin noma ba a daminar, 'yan'uwansa ne suka yi masa gayya, abin da aka samu kuma bai taka kara ya karya ba. Ya durƙusa a ƙofar ofis ya gai da manaja, ya roƙi ko shara ce a ba shi. Manaja ya ƙare masa kallo, ya yi murmushi, ya ce akwai aikin da ya fi shara dacewa da shi.

Aka ajiye masa benci a bakin ƙofar ɗakin inji. Mun ɗauka gadi ne. Sai ranar da aka ɗauki sababbin leburori muka gane. Manaja ya jera su a gaban mutumin ya ce masa, "Malam, naɗe rigar su gani."

Mutumin ya dube mu, ya dubi ƙasa. Ya sa haƙori da hannun hagu ya naɗe rigar, dungun ya fito da tabon ɗinki.

"Kun gani?" in ji manaja. "Wannan shi ne allon gargaɗinmu. Ya fi na katako, don shi yana tafiya. Malam, gaya musu laifin wa."

"Laifina ne, yallaɓai."

"Ba su ji ba."

Ya sake faɗa da ƙarfi.

Haka aka riƙa yi duk lokacin da aka ɗauki sabon mutum, har da in baƙi sun zo sayen mai. Wasu direbobi suka fara kiransa Allo, yana amsawa. Jan allon na gaskiya kuwa ya koma ƙarƙashin randar ruwan ofis. Da na samu mutumin a masallaci na ce masa ya bar wurin nan, sai ya ce mini yana da baki bakwai a gida, wanne zai ce wa ya haƙura da tuwo? Bai yi kuka ba. Ya dai roƙe ni in riƙa zuba masa ruwan alwala, don butar tana kuɓuce masa.

Ya yi rani biyu a kan bencin nan. Aka sallame shi lokacin da jami'an duba lafiyar ma'aikata za su kawo ziyara, don manaja ya ce ganinsa zai ɓata wa kamfani suna. A makon aka manna sababbin alluna masu sheƙi a kowane bango, duk da Turanci.

Na bar aikin ba da daɗewa ba. Bara na haɗu da mutumin a kasuwar Rogo yana sayar da rake. Yakan take sandar raken da ƙafa ya sara da hagu, gutsattsarin duk ba daidai ba, masu saye suna ƙorafi. Mun daɗe muna gaisawa. Ya tambaye ni labarin bakanike, na ce ya rasu, ya yi masa addu'a. Sannan ya tambaye ni labarin manaja. Na gaya masa an buɗe sabon reshe a Kano, shi aka ba wa.

Ya kore ƙuda daga kan raken. Can ya ce Allah ya taya shi riƙo, ya juya ga wata mata da ke taya kayansa.