Katin Mma da Kamfanin Gumbihini

Shekarata ta biyu ke nan a wani ƙaramin kamfani a unguwar Sakasaka ta garin Tamale lokacin da na yi aikin da har yau nake bugun ƙirji da shi. Kamfanin na yi wa manoma rajista a waya, domin masu sayen amfanin gona su san wa zai sayar musu da me. Manhajar da muke aiki da ita ba mu muka ƙirƙira ba. Buɗaɗɗiya ce, kowa na iya ɗauka kyauta ya duba cikinta ya gyara. Kamfanoni da yawa a ƙasashe daban-daban ke kula da ita tare, irin yadda ake gayya a gona. Dokarsu guda ce mai tsauri: gyaranka ba zai shiga ba sai ma'aikacin wani kamfani dabam ya duba ya amince.

Manhajar tana da wani aibi da ya tsaya mini a rai. Gona ɗaya, suna ɗaya. Wanda ya tsara ta bai taɓa tsayawa a gonar ƙabilar Dagomba ba, inda masara ta maigona ce amma kaɗanyar da ke zubowa daga itatuwa ta matan da ke tsinta ce. Mma, mahaifiyata, tun kafin a haife ni take tsintar kaɗanya a gonar baffana. Da masu rajista suka je ƙauyen, sunan baffa suka rubuta suka tafi. Masu saye kuwa ba sa karɓar buhu sai da kati, don haka Mma ta ci gaba da sayarwa a bakin titi yadda aka taya.

Mako uku na yi ina gyaran. Da ya yi aiki, maigidanmu ya ji daɗi, ya ce mu riƙe abinmu. Akwai wani kamfani a unguwar Gumbihini da ke amfani da manhajar nan, kuma kullum muna tseren abokan ciniki da su.

"Massa," na ce wa maigidan, "duk lokacin da aka fitar da sabon zubi sai mun sake ɗinka gyaran nan da hannu. In ya shiga uwar manhajar, kowa zai taya mu kula da shi."

Gaskiya na faɗa, amma ba ita ce duka ba. Ƙauyen su Mma yana hannun kamfanin Gumbihini ne. In muka ɓoye gyaran, ba zai taɓa isa wurinta ba. Maigida ya ce in tura, amma in suka ci mu da shi ni zan amsa.

Na tura. Sai ga shi wadda aka ba dubawa ma'aikaciyar kamfanin Gumbihini ce, wata 'yar kudu, Kirista, da ta daɗe a Tamale. Bayan kwana biyu ta dawo mini da shi, an ƙi. Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce ai dama, kishi ne. Na rubuta mata amsa mai zafi, na karanta, na goge, don duk duniya za ta gani. Damina kuma ta kusa, rajistar bana na gab da farawa.

Ita ta fara kirana, ta ce mu haɗu a wurin mai tuwo a unguwar Zogbeli. Na iso a kumbure. Ta ajiye kwamfutarta kusa da kwanon miyar ayoyo, ta ce da Hausarta ta kasuwa:

"Ɗan'uwa, aikinka ya yi kyau paa. Amma ka sa mace guda, gona guda. Mace ya na tsinta a gona uku, huɗu. Kuma ɗorawa fa? Ba na maigona ba, ba na mace ba. Na sarki ne."

Ni da aka goya a ƙarƙashin itatuwan nan, ni na manta cewa ɗorawa tana da mai ita dabam. Mma kanta tana tsinta a gonar maƙwabci in ta gama da ta baffa. Na gyara kuskuren baƙo, na sa nawa a gurbinsa. Ita kuwa ma'aikaciyar nan shekara da shekaru tana yawo ƙauyuka a kan babur tana tambaya. Kunya ta kama ni, na ce mata ta yi gaskiya.

Sau biyu ta sake dawo mini da shi, ba sani ba sabo. Wani daga wata ƙasa da ban taɓa gani ba ya ƙara gwaji, don su ma suna da itatuwan da ba na mai ƙasa ba. Ranar da aka amince, na ga sunan kamfaninmu da nasu a layi ɗaya. Maigida ya leƙo, ya ce to.

Bayan an fara ruwa na je ƙauye. Mma ta shiga ɗaki ta kwance bakin zane, ta fito da kati a cikin leda. Sunanta ne a kai, nata ita kaɗai, da tambarin kamfanin Gumbihini.

"Ka gani?" ta ce. "Waɗannan su suka san aiki. Har gona nawa nake tsinta suka tambaye ni. Kai da kake zaune gaban kwamfuta kullum, me ya hana ka koyi irin wannan a wurinsu?"

Na riƙe katin da hannu biyu. Sai na ce, "Na koya, Mma. A wurin ɗaya daga cikinsu."