Hannun da Na Tura Ofis

Duk sanda na ji warin baƙin mai, ranar nan nake tunawa. Mu huɗu ne tsakar gida: ni, maigidana, ɗiyarmu Hajo, da jikanmu Bello, sabon injiniya. Aiki biyu ya samu, gyaran injinan ban-ruwa a Turba, ko shugabancin ma'aikata a ofis a Sakkwato.

Marigayi maigidana makaniki ne, ba ya yarda da mutum sai ya shafa tafinsa. Ya riƙe na Bello ya daɗe.

"Wanga hannu ƙarfe yake so."

Na ce, "Malam, na gaji da wankin baƙin mai. Ofis za shi."

Bai musa ba. Washegari ni da kaina na ɗaure wa Bello kaya. Shi da kakansa ba su sake ganin juna ba.

Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya sa ya yafe mini.