Lagireton man giya da hanyar Gwiwa

Shekarar da buhun gero ya zamo daga saman mota ya karya wa maigidana ƙafar hagu, motarsa ta yi damina guda a ƙofar gidanmu a Kazaure, har ciyawa ta fito a ƙarƙashinta. An yi ɗori, ƙashi ya kama, amma ƙafar ba ta sake yin ƙarfin taka kuloci ba. Shi kuwa tun ina amarya tuƙi ne sana'arsa, ya ɗauko hatsi da gyaɗa daga Gwiwa da Roni, ya kai mutane Babura ya dawo. Da ya zauna a gida sai ya daina hira. Ko rediyo in na kunna masa, sai ya ce in rage.

Yana da aboki bakanike, tare suka tashi. Shi Babarbare ne, maigidana Bafulatani, saboda haka ba sa gaisawa sai da tsiya. Bakaniken ne ya kawo shawarar a cire giyar motar a sa mata otomatik, wadda ƙafa ɗaya ta isa a tuƙa ta. Babban ɗanmu, wanda ke ɗinki a bakin kasuwa, ya yarda, amma da sharaɗi: cikin gari kawai, masallaci da asibiti da gaishe-gaishe. Babu lodi. Yana wurin ranar da buhun ya faɗo, shi ya ɗauki ubansa a baya, don haka ban ga laifinsa ba.

Aka yi aikin, mota ta tashi. Sai dai in ta ɗan yi tafiya, wani ƙauri ke tasowa kamar an bar miya a wuta, giyar kuma ta riƙa jinkiri kafin ta shiga. Bakaniken ya ce man giya ne ke tafasa. Motar da aka ƙera da otomatik, in ji shi, lagiretonta yana da hanyar da man ke bi ya huce, tamu kuwa ba a yi ta da wannan ba. Sai an ɗaura masa nasa ɗan lagireton daban, a gaba, inda iska ke bugowa.

Wata safiya ya zo da guda uku a buhu. Da yake maigidana ba ya jimirin tsayuwa, aka shigo da su tsakar gida, aka jera a kan tabarmata. Ina tankaɗe a gefe, na gaishe shi na ci gaba da aikina. Na farko ƙarami ne, bututu ɗaya ya yi ta lanƙwasa a cikinsa. Na biyu ya fi shi kauri da nauyi, faranti bisa faranti, ramukansa kamar saƙar zuma. Na uku faffaɗa ne ƙwarai, daga wata tsohuwar babbar mota aka kwance shi.

Maigidana ya nuna babban da sandarsa.

"Na sani," in ji bakaniken. "Bafulatani in ya ga abu babba sai ya ɗauka saniya ce. Wannan in na ɗaura shi zai toshe wa lagireton inji iska, giya ta huce, inji ya ƙone. Don in nuna maka kawai na kawo shi."

"To me ya kai bawa ɗauko kayan da ya fi ƙarfinsa?"

"Bawan ne dai ke gyara maka abin hawa, ranka ya daɗe."

Rabon da in ji dariyar maigidana har na manta. Ɗanmu ma da ke tsugune a bakin rijiya ya murmusa.

Bakaniken ya ture babban gefe, ya bar biyu. Sai ya daina wasa. Ya ce ƙaramin ya isa in cikin gari ne, ba zai ba da matsala ba. Amma in za a loda mata buhuna a hau da ita hanyar Gwiwa da tsakar rana, mai farantan nan ne zai iya, shi ma sai an sauya tiyo an sa masu jure zafi. Ya ce, "Ni ƙarfe na sani. Kai za ka gaya min aikin da za ta yi."

Ɗanmu ya ce a hankali, "Baba, ai mun yi magana." Maigidana bai dube shi ba. Ya ɗauki ƙaramin, ya juya shi, ya ajiye. Ya ɗauki ɗayan ya ɗora a cinya, yana bin ramukan da yatsa. Can sai ya juyo wajena, abin da bai saba yi a gaban mutane ba, ya ce, "Ke ba ki ce komai ba."

Ban san komai game da mota ba, har yau. Abin da na sani shi ne mutumin da na zauna da shi damina guda yana kallon bango. Na kuma san tsoron da ke zuciyar yaron nan, don nawa bai gaza nasa ba. Na ajiye rariya na ce, "Malam, in tuƙi ne, na ga kana iyawa. Hawa saman mota da ɗaure kaya ne ban yarda ba, ko buhu ɗaya."

Ya miƙa wa bakaniken mai farantan. Ɗanmu ya tashi ya fita, ko sallama bai yi ba, ranar kuma bai zo cin tuwo ba.

Aikin ya ci musu yini. Ina jin su ta zaure, ana huda ƙarfe, ana gardama a kan inda tiyo zai bi don kada ya goga da wani abu ya fashe. Da suka gama aka zuba sabon mai, suka zagaya gari, suka dawo babu ƙauri.

Ranar kasuwar Gwiwa na tashi da wuri na dama masa kunu. Ina zubawa a jug sai na ji motsi a waje. Na leƙa ta ƙofar zaure, sai ga ɗanmu da igiya a kafaɗa, ya rufe shagonsa. Bai ce wa uban ya yarda ba, uban ma bai tambaye shi ba. Ya ce dai, "Baba, kai a sitiyari za ka zauna. In ka sauko wajen lodi, da ƙafa zan dawo gida."

"Ka iya ɗauri kuwa? Allura ka sani."

"Sai ka riƙa faɗa min daga ciki."

Haka suka yi shekaru, duk ranar kasuwa, har idon maigidana ya raunana ya ajiye tuƙi da kansa. Sukan dawo bayan la'asar, ƙura har gira, suna musun wanda ya yi kuskure a hanya. Ni dai in na ji ƙarar motar daga kwanar layinmu, sai in ƙara wuta a murhu, in fito musu da ruwan wanka.