Naomi Kyauta da Yarinyar da Aka Ce Kurma Ce

Shekara ashirin da biyu ke nan Malama Naomi Kyauta tana buɗe ɗakin awon jarirai a Kontagora kafin kowa ya iso. Takan share daɓe, ta rataya ma'auni, ta jera katunan yara. Ranar Laraba kuwa takan zo da sassafe ƙwarai, domin akwai waɗansu yara da ba sa iya jure hayaniyar taro, kuma ta ware musu sa'a guda tasu su kaɗai. A ƙarshen wannan wata, cikin shekarar da aka ba mu Jihar Neja, za ta ajiye aiki.

Asalin wannan Laraba wata yarinya ce, Mairama, 'yar Malam Ladan mai sayar da hatsi. Ta kai shekara biyar ba ta magana, ba ta waiwayowa idan an kira sunanta, ba ta kallon idon kowa. Dangi suka yanke cewa kurma ce, suka samar mata wuri a makarantar kurame a wani gari mai nisa. Uwarta Hafsatu ta kawo ta wajen Naomi domin a cika takardar tafiya. Ta san 'yarta: ko tabarma aka sauya mata, sai ta yini tana buga kai da bango.

Naomi ba ta ɗauki alƙalami ba. Ta fita ta laɓe bayan ƙofa, ta karya ƙuli-ƙuli guda. Sai ga yarinyar ta taso, ta zagayo, ta miƙa hannu.

"Malam Ladan, 'yarka tana ji sarai," in ji Naomi da mahaifin ya zo.

"To me ya hana ta amsa kira, Malama?"

"Kai ma ai ba kullum kake amsa kiran Hafsatu ba, kuma ba a kai ka makarantar kurame ba."

Ya murmusa, amma hankalinsa bai kwanta ba. "In ba kurumta ba ce, mece ce?"

"Ban sani ba. Ba ni lokaci in tambaya."

Ya ba ta wa'adi zuwa kaka. Ta rubuta wa likitoci wasiƙa uku ba amsa. Duk ranar da motar wasiƙu ta iso, Hafsatu na tsaye bakin taga tana duban fuskar Naomi. Dawa ta fara nuna kafin wani likitan yara a Zariya ya amsa ta huɗu. Ya ce abin da ta kwatanta yana kama da lalurar da ake kira otizim, cewa babu allura ko ƙwaya da ke raba yaro da ita, kuma abin da ya fi taimako shi ne a bar yaro cikin waɗanda ya saba da su, a riƙa koya masa abu ɗaya-ɗaya, kullum ta hanya guda.

"Wata biyar muna jira, suna kawai aka aiko mana?" in ji Ladan.

"Suna da shawara. Shawarar ita ce kada ta tafi."

Sai Ladan ya ce muddin Naomi na nan tana duba yarinyar, za ta zauna a gida.

Ke ce, Naomi, kika mayar da wasiƙar nan Hausa, kika karanta wa matan da ba su iya karatu ba. Ke ce kika haɗa Hafsatu da wata uwa daga Auna da wata daga Mashegu, har kowace ta gane ba a gidanta kaɗai abin yake ba. Uwar marasa baki, ba ki taɓa cewa kin san abin da ba ki sani ba. Yau Mairama na da shekara goma, tana wanke kwanonta, tana nuna abin da take so da yatsa.

Sai dai alkawarin Ladan ya rataya ne a kan zaman Naomi, kuma dangi sun sake tayar da zancen tafiya. Mako shida ke nan Naomi na zaunar da sabuwar ma'aikaciya, Rose, kusa da ita, ko yarinyar za ta saba da fuskarta. Har yanzu Mairama ba ta yarda ta shiga ɗakin idan Rose ce kaɗai a ciki.

Mun gode, Malama Naomi. Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya. Ku malaman asibiti da na makaranta, idan aka kawo muku yaron da kuka kasa ganewa, kada ku yi saurin sa hannu. Ku tambaya, ku sake tambaya. Rose kuma, Allah ya ba ki haƙuri. Ladan ya ce zai ba ki wata uku ya ga ko Mairama za ta saba da ke.