Gizakar Kawu Sule

Ku da kuka san Kawu Sule kun san ba a tafiya masallacin Juma'a da shi cikin sauri. Duk shingen ganyen da ke Stratford Road sai ya tsaya ya zaro gilashin ƙara girma daga aljihu, ya leƙa ƙasan ganye. Ana tayar da sallah, shi kuwa yana gaisawa da ƙwari!

Da 'yarsa Hadiza ta dawo daga Kanada, sai ga wata tsutsa mai gashi, gizaka, a naɗe cikin takalminta. Hadiza ta ƙwalla ƙara, Kawu ya buga mini waya.

"Bashir, hau mota yanzu, mun yi baƙuwa daga Kanada!"

Na baro unguwarmu Fallowfield da ke Manchester har garinsu, unguwar Sparkbrook, a kan tsutsa, jama'a! Na duba na ce, "Haba Kawu, irinta cike suke da lambunan Ingila."

"Kai, tafi can! Ta nan gashinta dogo ne. Wannan dubi, baƙi gaba, baƙi baya, ja a tsakiya. A ƙasarsu daskarewa take yi lokacin sanyi, in zafi ya zo ta farka. Za ta fito ruwan ɗorawa da ɗige-ɗigen baƙi, za ka gani."

Sai ya zuba mata busassun ganye a roba ya tura firji. Ranar da matarsa Anti Rabi ta buɗe robar tana neman daddawa, har maƙwabta sun ji salati.

"Alhaji, ko ni ko gawar nan!"

"Hajiya, barci take yi, rage murya."

Kowa ya ce ta mutu, har ni. Da Kawu ya kwanta a asibiti ma, ciwo ya ci ƙarfinsa, ya riƙo hannuna ya ce, "Kada ka bar Rabi ta zubar da ita." Sanyin nan bai wuce ba Allah ya karɓi abinsa.

Na kai robar ɗakina, don alkawari kawai. Da gari ya fara ɗumi na fito da ita. Wallahi sai ta motsa! Ta ci ganye, ta saƙa gida da gashinta, wata safiya sai ga malam-buɗe-littafi, ruwan ɗorawa da ɗige-ɗigen baƙi. Tsalle na yi ina ihu kamar yaro.

Na kira Anti Rabi. Ta ce, "Kada ka buɗe taga, ina zuwa."

Ta zo Manchester a jirgin ƙasa, ta zauna gaban robar tana kuka.

"Ashe gaskiyarka ce, Alhaji."

Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya tashe shi cikin rahama, ya ba Anti Rabi haƙuri.