Neman Kukan Gauraka

Ranar Asabar, shida saura kwata, na bar gida a Kazaure. Inna, mahaifiyata, tana zaune gaban kaskon da take zuba wa tsuntsaye tsaki da ruwa. Shekara uku ke nan da idonta ya tafi, da kunne take rarrabe baƙinta, wannan kurciya ce, waccan hasbiya. Gauraka kaɗai take cigiya, wadda ta saba ji a fadamar ƙauyensu tun tana budurwa. Na yi mata alkawarin naɗo kukan a waya.

Roni

Bakwai da rabi motarmu ta isa, bayan tsayawa ɗaya a shingen 'yan sanda. Na sha koko da ƙosai a tasha, ɗan acaɓa ya kai ni bakin fadama. Balbela fal, ga zalɓe ɗaya tsaye kamar mai jiran saƙo.

"Gauraka fa?" na tambaye shi.

"Malam, ni dai a hoto na san ta. Gwada wajen Gwiwa."

Gwiwa

Da azahar na sauka. A nan ƙauyen su Inna yake, amma fadamarsu duk ta zama gonar shinkafa. Na zauna gindin marke har la'asar, wayata a hannu, ban ji komai ba sai injin ban ruwa. Nan wani dattijo makiyayi, Baffa Jauro, ya same ni. Na faɗa masa abin da ya kawo ni.

"Ɗana, ka makara. Rabona da su tun kafin in aurar da 'yar farina. Bibbiyu suke sauka can, miji da mata."

Ya dubi gonar shinkafar. Can ya ce in kunna wayar. Ya haɗa tafukansa a baki, ya yi kukan sau uku, muryarsa na rawa. A rugarsa na kwana, aka ba ni fura da nono.

Gida

Lahadi da hantsi na dawo. Na kunna wa Inna ban ce komai ba. Ta saurara, ta ce in maimaita.

"Wannan mutum ne," in ji ta. "Amma ya san su. Yana da lafiya?"

Na ce lafiyarsa ƙalau. Ta ce in ƙara kunnawa.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Baffa Jauro, Allah ya saka da alheri.